Taku Tara a Arewacin Maƙabarta

Cikin ranakun aikina akwai wadda har gobe ba ta bar raina ba, wato safiyar Litinin ɗin da Safiyo Aminu, mai yi mana awon filaye, ya shigo ofishina da ƙasa har gwiwar wandonsa, ya ajiye tef ɗin awo a kan teburina, ya ce, "Hajiya, turakun nan fa sun sake tafiya."

Na ce, "Tafiya kuma? Ƙafa gare su?"

Ya ce, "Ni ma abin da nake son sani ke nan."

Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu kun san tsarin, amma bari in yi bayani saboda waɗanda ba 'yan gida ba. A lokacin ina babbar jami'ar ci gaban al'umma a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ban fi shekara biyu da dawowa Dutse daga Miga ba. Cikin ayyukan da ke kaina har da zama magatakardar kwamitin ayyukan gayya. Yadda abin yake, unguwa ce za ta rubuto takarda ta hannun mai unguwa da dagaci, ta ce tana son magudanar ruwa, ko kwalbati, ko gyaran rijiya. Kwamiti ya zauna, kansila ya shugabanci zama, a duba. In an amince, hukuma ta ba da siminti da bulo da rodi da mai awo, jama'a kuma su kawo yashi da ruwa da ƙarfinsu. Akwai ƙa'ida ɗaya da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: duk aikin da rigimar fili ta shiga, a tsayar da shi, a juya kayan zuwa unguwar da ke biye a layi. Hukuma ba ta zuba siminti a kan gardama.

Aikin da nake magana a kai shi ne katange maƙabartar Unguwar Kuka Biyu. Wannan unguwa asalinta ƙauye ce a jikin duwatsu, gari ne ya bunƙasa ya cim mata. Sai ka ga tsohon gidan ƙasa jingine da dutse, kusa da shi kuma gidan ma'aikaci mai get da tankin ruwa. Maƙabartarsu a buɗe take ta kowane gefe. Awaki na kiwo a ciki, masu babur sun yanke hanya ta tsakiya, in damina ta sauka kuma ruwan da ke gangarowa daga dutse ya riƙa zaftare kaburbura. Shekara uku suna rubuto takarda kafin layi ya zo kansu.

Wata Talata a tsakiyar bazara Safiyo Aminu ya je ya yi awo. Mai Unguwa Hassan yana nan, Liman yana nan, da duk masu gonaki da filayen da suka yi iyaka da maƙabartar. Ta ɓangaren arewa gonar marigayi Malam Isa ce, ba a raba gadonta ba tukuna, babban ɗansa Malam Ubale ne ya tsaya wa magada. Aka bi layin kaburburan ƙarshe da ido ke gani, aka ƙara taku biyu, kowa ya ce ya yarda. Safiyo ya kafa turakun katako masu jan fenti a ka, aka yi fatiha aka watse.

Ranar Asabar matasa suka fito haƙa harsashi, sai suka tarar turaku huɗu na arewa ba sa inda aka bar su. Sun matsa cikin gonar Malam Isa, taku tara. Kafin hantsi Malam Ubale ya iso yana huci. Ya ce mutanen Mai Unguwa ne ke son cinye musu gona da sunan matattu. Mai Unguwa ya rantse bai san zancen ba. Matasa kuma suka ce ai Ubale ne da kansa, yana son ya ta da rigima a fasa katangar, don an ji yana shirin yanka gonar filaye ya sayar. Da ƙyar Liman ya raba.

Safiyo ya mayar da turaku. Asabar ta zagayo, aka tarar sun koma cikin gona. Ya sake mayarwa, har ya sa aka danne gindinsu da duwatsu. Suka sake komawa. Wannan karo na uku shi ne ya kawo shi ofishina a waccan Litinin.

Da rana Kansila ya kira ni. Mutum ne mai son a gama abu a wuce. Ya ce, "Hajiya, kin san ƙa'ida, ke kike karanta mana ita. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, simintin nan ba zai jira damina a sito ba. Na ba ku mako ɗaya. In ba a sasanta ba, Litinin mai zuwa ki rubuto mini takardar juya kaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in je in gani da idona."

Ya ce, "Ki je. Amma me za ki gani wanda Safiyo bai gani ba?"

Gaskiya ni ma ban sani ba. Abin da ke cin raina dai shi ne, a tsawon aikina na ga an tumɓuke turke an jefar, na ga an kai shi murhu, na ga mutum ya matsar da shi don gidansa ya ƙara faɗi. Duk wanda ya taɓa turke, in ka bi sawu, za ka tarar akwai abin da zai ci. A nan kuwa wa zai ci? Mai Unguwa ba fili zai samu ba. Matasa ƙarin haƙa kawai za su sha. Ubale gonarsa ce ke raguwa. Wanda ke ƙaruwa kaɗai shi ne wanda ya riga ya mutu. Ruwa ba ya tsami banza, amma na juya abin ta kowace fuska na rasa inda tsamin ya fito.

Washegari muka tafi da Safiyo. Kun san mace ba ta shiga maƙabarta, don haka na zagaya ta cikin gona na tsaya. Wannan zagayen ne ya taimake ni, domin duk mazan da suka duba wurin daga cikin maƙabarta suke kallon gona, ni kuwa daga gona nake kallon maƙabarta.

Abu na farko da na lura, kunyoyin geron bara ba su kai iyaka ba. Suna tafiya reras, sai su tsaya cak, su bar wani zirin fili da sabara da kargo suka rufe. Na tambayi Safiyo, ya ce ya gani, ya ɗauka saura ce kawai aka bari ta huta. Na ce, "Saurar da kargonta ya yi wannan kauri? Wannan ai garma ba ta taɓa shiga ba."

Abu na biyu shi ya nuna mini. Ya ce, "Hajiya, dubi nan. Duk sau ukun, a rami ɗaya ake mayar da kowane turke. Na auna, ko ɗan yatsa ba a kuskure ba. Kuma ba miƙaƙƙen layi ba ne, lanƙwasa ya yi kamar bakin ƙwarya." Na durƙusa na duba gindin turken. Ƙasar ta yi ɓawo, irin na wurin da aka zuba wa ruwa ya bushe. Namiji mai ƙarfi guduma zai sa ya buga. Wanda ya tsaya jiƙa ƙasa don ta yi laushi, ƙarfinsa kaɗan ne, kuma ba sauri yake ba. A gefe kuma ga wasu 'yan ramuka zagayayyu a jere cikin rairayi, irin na gindin sanda.

Da na koma ofis na buɗe littafin da nake rubuta aikin kowace rana. Makon farko, ranar Alhamis motar yashi ta je, direba ya sauke daidai da turaku, ba matsala. Mako na biyu, Safiyo ya leƙa ranar Juma'a da safe, suna nan daram. Asabar kuma sun tashi. Matasan unguwa sun riga sun sa masu gadi tun daga magariba har asuba, ba su ga ko kare ba. Ashe ba a duhu ake yi ba. To wane lokaci ne a ranar Juma'a babu namiji ko ɗaya a waje? Da tambayar ta zo mini a haka, sai na yi dariya ni kaɗai.

Na sa Safiyo ya mayar da turaku karo na uku, na ce kada ya gaya wa kowa dalili. Ranar Juma'a na hau adaidaita na sauka a bakin unguwa, na sami inuwar wata darbejiya a ƙarshen gonar, na shimfiɗa ɗankwali na zauna. Rana ta take, ko tsuntsu ba ya motsi. Ina jin huɗuba sama-sama daga lasifikar masallaci.

Ana tayar da salla sai ga wata tsohuwa ta fito ta lungun bayan gidaje. Ta tsufa ƙwarai, ta ranƙwafa, sanda a hannun dama, buta a hagu, 'yar fartanya a rataye a kafaɗa. Ba ta waiwaya ko'ina ba. Ta je turken farko ta zuba ruwa, ta jira, ta girgiza shi har ya fito. Ta ja shi a ƙasa tana takawa a hankali ta gefen sabarar, ba ta taka ciki ba, har ramin da ta sani. Ta kafa, ta ɗauki dutse ta ɗan bubbuga, ta dafa kansa ta huta. Na bari sai da ta gama na biyu, sannan na tashi na yi sallama.

Ta amsa ba tare da ta firgita ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce ta hukuma?"

Na durƙusa na ce, "Ni ce, Iya. Sannu da aiki."

Ta ce, "To tunda kin zo, kama mini wancan. Bayana ya gaji."

Wallahi haka aka yi. Ni magatakardar kwamiti, ni na tumɓuke turken hukuma na uku da hannuna, na kai inda ta nuna. Da muka gama na huɗu muka koma inuwa, na ba ta ruwan da na zo da shi. A nan na san ita ce Iya Tabawa, matar marigayi Malam Isa, mahaifiyar Malam Ubale, kuma tsohuwar ungozomar garin.

Na ce, "Iya, gonar 'ya'yanki ce fa kike ragewa. Me ke cikin sabarar nan?"

Ta juya ta dubi sabarar. Can ta ce, "Mutane ne."

Daga nan ta ba ni labari. A da, in mace ta haihu ɗan ya zo ba rai, ba a tara maza, ba a yi masa salla. A wasu garuruwan bayan ɗaki ake haƙawa a sa shi. Amma tsofaffin gidajen Kuka Biyu a kan falalen dutse suke, ko kamu ɗaya ba ka haƙawa sai ka ci karo da dutse. Shi ya sa surukinta, mahaifin Malam Isa, ya ware wannan zirin na gonarsa, inda ƙasa ke da laushi, ya ce a riƙa sa su nan kusa da kakanninsu. Ungozoma ce ke naɗe ɗan a ƙyalle ta kawo, mai gona ya haƙa, su biyu kawai. Surukarta ta yi wannan aiki, ita ta gada. Kabarin jariri kuwa damina ɗaya ke shafe shi. Da haihuwa ta koma asibiti, aka daina kawowa, masu haƙar suka mutu, wurin ya zama sabara.

Na ce, "Kin san yawansu?"

Ta ce, "Ban ƙirga ba. Amma na san iyayensu mata, na kuma san inda na ƙarshe ya tsaya ta kowane gefe. Nan nake kafa muku itacenku."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa tun ranar awo?"

Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wa ya tambaye ni? Na ga maza sun taru da igiyarsu, an yi fatiha. Na gaya wa Ubale da daddare, ya ce in bar tone-tonen da. In na je ƙofar Mai Unguwa na kai ƙarar ɗana ke nan. In na yi shiru, gobe wani baƙo ya sayi wurin ya haƙa masai a kansu. Sai na ce bari in yi abin da hannuna zai iya, mai hankali zai gane."

Kunya ta kama ni. A kwamitinmu na unguwar akwai kujerar wakiliyar mata, ni na nace aka sa ta, kuma wadda ke kai malamar makaranta ce mai ƙoƙari. Sai dai shekararta biyar kacal a unguwar. Na cika gurbi a takarda, na ɗauka na ji daga mata.

Kwana biyu suka rage mini, kuma maganar tsohuwa ɗaya ba za ta tsayar da takardar juya kaya ba. Ranar Asabar tun da hantsi na fara shiga tsofaffin gidajen jikin dutse, inda Safiyo da Kansila ba su da ikon wuce zaure. Ban tambayi kowa, "Kin taɓa rasa ɗa?" ba, don ba a yi wa mace wannan tambaya. Sai mun gaisa, an kawo ruwa, an yi zancen zafi da tsadar gero, sannan in ce, "Wai ni kam, sabarar nan ta gonar Malam Isa, me ya sa ba a nomanta?" Wata ta sunkuyar da kai ta ce, "Akwai na gidan nan a ciki." Wata ta ce, "Na ɗakin can ne, ba nawa ba," alhali hawaye na zuba. Wata dattijuwa ta ce tun tana yarinya in an aike su itace, uwarsu kan ce kada su kuskura su sari itacen wurin. Gida goma sha ɗaya na shiga, takwas sun san zancen. Mazan da ke zaune a dakalin ƙofar waɗannan gidaje kuwa, da su aka yi fatihar awo.

Na rubuta abin da kowace ta faɗa, na karanta mata, wadda ta yarda ta dangwala yatsa. Da la'asar na je wurin Mai Unguwa Hassan, muka zauna a zaurensa. Dattijo ne mai natsuwa, ya yi ƙuruciyarsa wajen karatun allo a Ringim, daga nan ya yi shekaru yana fatauci, sai da mahaifinsa ya rasu ya dawo gida. Ya saurare ni har ƙarshe, yana jan carbi.

Ya ce, "Hajiya, ban ƙaryata ki ba. Amma a ce abu irin wannan yana garin da nake riƙe, ban taɓa ji ba?"

Na ce, "Allah ya taimake ka, akwai saƙon da Iya ta ce in ba ka in ka yi shakka. Ta ce ranar da aka haife ka tana amarya, ita ta riƙe wa surukarta ruwan zafi. Ta ce in tambaye ka, ina Husaininka?"

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ce ya san su biyu aka haifa, ɗayan bai zo da rai ba, iyakar abin da aka taɓa gaya masa ke nan, kuma mahaifiyarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗaga zancen ba. Ya ce, "Yana can?"

Na ce, "Ta ce kusa da kargo na biyu daga gabas."

Ya tashi ya shiga gida. Da ya fito idonsa ya yi ja. Ya aika a kira tsohon ladanin unguwar, wanda ya daina fita saboda ciwon ƙafa. Aka kawo shi a kan babur. Da aka tambaye shi sai ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Haka ne. Ni da kaina na taɓa riƙe wa Malam Isa fartanya. Wallahi shekaru sun shafe mini."

Ranar Lahadi bayan azahar kwamitin unguwa ya zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa, Kansila ma ya zo. Na roƙi a bar Iya Tabawa ta zauna daga cikin zaure inda za ta ji. Na karanta abin da na tattaro, ban ambaci sunan mace ko ɗaya ba, ban kuma faɗi wanda ke matsar da turaku ba. Ladan ya ba da shaida.

Kada ku ɗauka Malam Ubale mugun mutum ne. Ƙannensa bakwai, duk ido a kansa, gonar kuma gari ya kewaye ta, ba ta noma kamar da. Ya ce, "Ni ban ce ƙarya ne ba. Ta taɓa gaya mini, na ɗauka rikicin tsufa ne. Amma wannan zirin shi ne gefen da ke kallon hanya, shi mai saye ya gani ya yaba, na kuma ba shi baki. Magana zarar bunu ce. Sannan gonar nan ba tawa ni kaɗai ba ce. Ina da ikon yin kyauta da haƙƙin marayu?"

Liman ya ce wannan magana tasa tana kan hanya, ba a tilasta wa magaji sadaka. Kansila ya dubi agogo. Ni kuwa na ga aikin zai koma rigimar fili, ga ƙa'ida na jira.

Sai muka ji murya daga cikin zaure. Iya ta ce, "Malam Liman, ina da tambaya. Tumunin takabata yana cikin gonar nan ko ba ya ciki?"

Liman ya ce, "Yana ciki, Iya. Kashi ɗaya cikin takwas naki ne."

Ta ce, "To a yankar mini shi ta gefen sabara. Na ba waɗanda ke kwance a wurin." Sannan ta ƙara da abin da ban taɓa jin uwa ta faɗa a gaban maza ba. Ta ce, "Ubale, uku daga cikinsu, cikin da ka kwanta su suka fara kwanciya."

Malam Ubale ya sunkuyar da kai. Nan take Kansila ya ce Safiyo ya je ya auna. Da ya dawo ya ce zirin ya ɗara tumunin da kaɗan, kamar faɗin ɗaki ɗaya. Kowa ya zuba wa Ubale ido. Ya ce, "A cire ragowar a kasona," ya sa takalmi ya tafi ko sallama bai yi ba. Ya fi shekara in mun haɗu a hanya yana kawar da kai, don cinikin nasa ya rushe, sai daga baya ya sami wani mai saye. Ban riƙe shi da komai ba.

Litinin, maimakon takardar juya kaya, na rubuta ta neman ƙarin bulo da siminti, na haɗa da shaidar matan da sabon zanen Safiyo da takardar yardar magada. Shugaban sashenmu ya karanta sau biyu ya ce, "Hajiya, shekara talatin ina aiki ban taɓa ganin fayil mai irin wannan hujja ba." Ya sa hannu. Aka yi harsashi kafin ruwan farko, katanga ta tashi tana lanƙwasa ta arewa daidai inda tsohuwa ta kafa.

Da aka gama na je in gaishe ta, ina jiran godiya. Sai ta ce, "Kun kyauta. Amma kun yi ta da tsayi. Da in na fito nakan hango wurin in yi musu addu'a, yanzu sai bulo nake gani." Na kai wa birkila wannan ƙorafi ina dariya, shi kuwa bai yi dariya ba. Ya fasa bulo shida a wannan gefen, ya sa irin mai huji-huji da ake sa wa don iska, daidai tsayin mace in ta tsaya. Bayan haka na sha wucewa in ga wata dattijuwa ta tsaya a wurin da ƙullin cefanenta, ta leƙa, bakinta na motsi, ta wuce. Ba kullum mace ɗaya ba ce.

Tun daga wannan aiki ban ƙara yarda a kafa turke a tsohuwar unguwa ba sai na shiga gidaje da ƙafata, na zauna a tabarmar waɗanda suka fi kowa daɗewa a wurin, ko da ba su da kujera a kwamiti. Takardar awo tana nuna abin da mutanen da suka halarci taro suka yarda da shi ne kawai. Ƙasa kuwa ta girmi taron, kuma sau da yawa wanda ya san sirrinta ba ya cikin masu ɗaga hannu.

Ku kuma da za ku ci gaba da wannan aiki, za ku haɗu da masu ɓata muku shiri, wasu don son zuciya, wasu don neman fitina. Waɗannan ku bi da su ta ƙa'ida. Amma in kuka ga an ɓata muku aiki sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ta hanya iri ɗaya, cikin natsuwa, kuma mai yi ba abin da zai ci, to kada ku yi saurin neman ɗan sanda. Wani ne ke yi muku magana da iyakar bakin da aka bar masa. Ku je ku zauna, ku gaishe shi, ku tambaya.